Labarin Kentaki, Ƙasar Dawakin Sukuwa

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili cikin jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wata ƙasa da na je na gani da idona, watau jihar Kentaki ta ƙasar Amurka, inda a ke kiwon dawakin sukuwa. Na san cikin masu karanta jaridar nan akwai da yawa waɗanda in an ambaci doki sai sun gyara zama. Ni ma haka na ke, don a gidan da na tashi ba a taɓa rasa turke da harawa ba. Saboda haka da Allah ya nufe ni da zuwa can cikin watan Satumba na 2024, don ziyarar wani ɗan ƙanena da ke karatu a birnin Lexington, sai na ce ba ni komowa sai na san yadda sha'anin dawakinsu ya ke. Abin da na tarar kuwa ya ɗaure mini kai, shi ne ma dalilin wannan takarda. Kuɗin da a ke zubawa a kan dawakin nan kullum gaba ya ke yi, amma duƙusan da a ke haifa kowace shekara sai baya su ke yi.

Tun daga cikin jirgin sama, kafin ya sauka, mutum zai san ya zo ƙasar dawaki. Duk inda ka duba sai tuddai ƙanana kore shar, an yanyanka su da shingen katako, wani baƙi wani fari, ga goɗiyoyi na kiwo a ciki. Kana fita daga filin jirgin, a ƙetaren hanya, ga Keeneland, inda a ke sukuwa a ke kuma gwanjon dawaki tun wajen shekara tamanin. Gaba kaɗan ga gonar Calumet mai farin shinge, wadda dawakinta suka ci babbar sukuwar Kentucky Derby har sau takwas. Ƙarƙashin ƙasar wurin duk dutsen farar ƙasa ne, mutanen garin kuwa suna cewa ruwan da ke ɓuɓɓugowa daga cikinsa da ciyawar da ke tsirowa a kansa su ke ƙarfafa ƙashin duƙushi, kamar dai yadda mu muka yarda da kanwa. Na lura ba su barin kusurwa mai tsini a makiyaya, sai su lanƙwasa shingen, don kada doki ya taho a guje ya yi karo. Bargoginsu kuwa, in ba a faɗa maka ba, sai ka zaci gidajen attajirai ne. Kowane ingarma yana da filinsa shi kaɗai, da shinge biyu tsakaninsa da maƙwabcinsa, don kada su ciji juna.

Kafin in ci gaba, ya kamata in bayyana irin dawakin da na ke magana a kansu. Turawa suna kiransu Thoroughbred, watau masu tsarkin asali. Dukansu, ta wajen uba, daga ingarmu uku suka fito, waɗanda aka kai Ingila daga ƙasashen gabas. Akwai Byerley Turk na wajen shekarun 1680, da Darley Arabian wanda aka sayo daga Halab ta ƙasar Sham cikin 1704, da Godolphin Arabian wanda ya isa Ingila wajen 1729. Cikin 1791 aka fara buga littafin salsalarsu a Ingila, tun daga nan kuwa ba a fasa ba. A Amurka wata ƙungiya ce mai suna Jockey Club, wadda aka kafa cikin 1894, ke riƙe da littafin, tana rubuta duƙusan Amurka da Kanada da tsibirin Fato Riko. Dokin da ba a rubuta uwarsa da ubansa a ciki ba, kome gudunsa, ba shi shiga sukuwarsu. Sun dai riƙe maganar nan ta cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, har sun mai da ita ciniki.

Suna da ƙa'idodi biyu da ya kamata mai karatu ya riƙe, don da su ne zai gane sauran labarin. Ta fari, ba a yarda a ɗebi ruwan ingarma a ɗura wa goɗiya da hannu ba, kamar yadda a ke yi wa shanu a can. Dole sai an kai goɗiya wurin ingarma ya baye ta, watau ya yi mata barbara. Don haka duk mai goɗiya ya fi son ya ajiye ta kusa da inda manyan ingarmu su ke. Ta biyu, kowane doki, ko a wane wata aka haife shi, ranar 1 ga Janairu a ke ƙara masa shekara. Cikin goɗiya kuwa wata 11 ne. Saboda haka su kan fara baye daga tsakiyar Fabrairu, don a haifi duƙushi da farkon shekara ya riga tsararsa girma. Har fitila su ke kunna wa goɗiyoyi a barga tun watan Disamba, don jikinsu ya zaci bazara ta yi.

Mai goɗiya shi ke biyan mai ingarma, a nan ne kuwa manyan kuɗin su ke. Wani ingarma mai suna Storm Cat, daga 2002 zuwa 2007, dala 500,000 a ke biya kafin ya baye goɗiya guda. Wani kuma mai suna Into Mischief, na gonar Spendthrift, cikin 2012 dala 7,500 ne kuɗin bayensa, amma da 'ya'yansa suka yi ta cin sukuwa, lokacin da na je ya kai dala 250,000. Bisa al'ada ba a biya sai duƙushin ya faɗo, ya miƙe da ƙafafunsa, ya kama nono.

Ɗan ƙanena ya kai ni gonar Claiborne, kusa da wani ƙaramin gari mai suna Paris, ba ta Faransa ba. A can aka nuna mini kabarin Secretariat, jan dokin nan da ya cinye manyan sukuwa uku na Amurka cikin 1973. Tun bai gama sukuwa ba aka raba mallakarsa kashi 32, kowane kashi dala 190,000, jimla dala 6,080,000, kowane mai kashi kuwa yana da ikon kawo goɗiya guda a shekara. Masu karatu su riƙe wannan lissafi. A wancan zamani ingarma ba ya wuce goɗiya 40 ko kusa da haka a shekara, kome sunansa.

To, sai ranar gwanjo. Gwanjon Satumba na Keeneland shi ne mafi girma a duniya na duƙusai 'yan shekara guda. A shekarar da na je an rubuta fiye da 4,000, aka yi kwana 12 ana ciniki. Sun raba su littafi shida bisa ga darajar asali, ana farawa da na sama. Kwana biyun farko ba a magana. Jiragen sama na attajirai sun cika filin da ke ƙetaren hanya, ga masu saye daga Dubai, da Ailan, da Japan, da ko'ina cikin Amurka. Kafin a shigo da duƙushi, masu saye sun riga sun sa an zaga da shi gabansu sun ga tafiyarsa, likitocinsu sun duba hoton ƙasusuwansa, sun leƙa maƙogwaronsa da madubi. Sa'an nan a jawo shi cikin wani ɗan fage da aka kewaye da igiya, mai gwanjo na bisa mumbari yana zuba magana kamar ruwan sama, yaransa na tsaitsaye suna duban jama'a. Ba ka jin mai saye ya yi magana. Wani ya ɗaga gira, wani ya gyaɗa kai, sai ka ga an ƙara dala 100,000. Cikin kwanakin nan aka sayar da wani ɗan ingarma Curlin a kan dala miliyan 5, duƙushin da ba a taɓa ɗaura wa sirdi ba. Na ce a raina, in wannan ba cinikin biri a sama ba ne, to ƙanensa ne. Da aka gama gwanjon duka, kuɗin da aka tara ya haura dala miliyan 400. Na shekarar da ta biyo, watau 2025, har ya haura miliyan 500.

Da a nan na tsaya, da na komo na ce muku ba sana'ar da ta fi wannan albarka. Amma wani dattijo da na gamu da shi a bakin barga ya ce mini in ina son in san gaskiyar sana'ar, in komo ranakun ƙarshe. Na kuwa koma. Sai na tarar kamar ba wurin ba ne. Jiragen attajirai duk sun tashi, kujeru wayam, 'yan tsirarun mutane ne ke zaune. Ana jawo duƙusai lafiyayyu, kyawawa, waɗanda in ɗaya daga cikinsu ya shigo garinmu sai an fito kallo, ana sallama su a kan dala 2,000 ko 3,000. Wani ma ko dala 1,000 ɗin da a ke farawa da ita ba mai tayawa, sai a juya da shi. Cikin gwanjon duka, ɗaruruwa ne suka koma gida ba a saye su ba.

Na sami dattijon nan zaune a kan buhun dusa, muka gaisa. Ya ce mini ubansa ma sana'ar ke nan da ya yi. Da can yana da goɗiyoyi goma sha biyu, yanzu saura uku, 'ya'yansa kuwa duk sun tafi birni, ba mai son gado. Na tambaye shi dalili, sai ya ce in yi lissafi da kaina. To, bari in yi muku misali da irin lissafin da ya nuna mini, don ku ga yadda abin ke tafiya. A ce mutum ya kai goɗiyarsa baye da farkon 2022, ta haihu cikin 2023, sai Satumba na 2024 za a kai ɗan gwanjo. Shekara biyu da rabi ke nan yana zuba kuɗi bai ga kwabo ba. A ce kuɗin baye dala 15,000 ne. A ce abincin uwa da ɗa, da ladan 'yan barga, da na likita, da na mai gyaran kofato, da kuɗin shiga gwanjo, sun ci 25,000. Jimla 40,000. In aka sallama duƙushin a kan 20,000, gidan gwanjo ya cire la'adarsa biyar bisa ɗari, dillali ya cire tasa biyar bisa ɗari, 18,000 zai kai gida. Ya yi hasarar 22,000 a kan duƙushi guda. Wannan kuma in goɗiyar ta haihu ke nan, don cikin goɗiyoyi uku da aka baye, wajen biyu ne kaɗai ke kawo ɗan da za a rubuta a littafi. Wata ba ta ɗauka, wata ta yi ɓari, amma duk sai an ci da su. Attajiri mai goɗiya ɗari, in duƙushi guda ya kawo masa miliyan, ya rufe ramin goma. Mai goɗiya uku fa, da me zai rufe? Da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Ga kuwa abin da littafin Jockey Club ya nuna. Cikin 1986 an rubuta duƙusai fiye da 51,000, ba a taɓa kai haka ba, ba a kuma sake kaiwa ba. Cikin 2008 sun komo wajen 35,000. Zuwa 2012 ba su cika 24,000 ba. Na 2024 kuwa an ƙiyasta su 18,000, watau kashi ɗaya cikin uku da ɗan ɗori na abin da aka samu cikin 1986. Rabon da a ga ƙarancin da ya kai haka tun wajen 1965.

Na yi ta tambaya a kan abin da ya jawo wannan, ga kuwa dalilan da na tattara.

Na fari, haraji. Kafin 1986 dokar Amurka ta ba attajiri dama ya sa kuɗinsa cikin dawaki, in ya yi hasara ya cire ta daga harajin sauran dukiyarsa. Saboda haka mutane da yawa suka shigo sana'ar ba don son doki ba, farashi ya yi ta hawa, har cikin 1985 aka sayi wani duƙushi mai suna Seattle Dancer a kan dala miliyan 13 da dubu 100. Da aka gyara dokar cikin 1986, sai suka janye jikinsu, kasuwa ta faɗi. Gonar Calumet ɗin nan mai farin shinge, da duk sunanta, bashi ya karya ta cikin 1991, aka yi gwanjonta cikin 1992, ko da ya ke ta sake farfaɗowa a hannun waɗansu.

Na biyu, caca. Ba na ɓoye wa malamai ba, sana'ar nan duk a kan caca ta ke tsaye, don daga kuɗin da 'yan kallo ke zubawa a ke cire ladan da doki ke ci. Ba yabonta na ke yi ba, labari na ke bayarwa. Da can, a yawancin jihohin Amurka, filin sukuwa ne kusan wurin da hukuma ta yarda a yi caca. Daga baya sai jihohi suka buɗe tasu cacar ta tikiti, aka gina gidajen caca, cikin 2018 kuma babbar kotun ƙasar ta buɗe hanyar yin caca a kan ƙwallo da sauran wasanni, har mutum ya yi ta cikin wayarsa yana kwance a ɗaki. Kuɗin da aka zuba a kan sukuwa cikin 2003 ya kai dala biliyan 15, amma cikin 2024 bai cika biliyan 12 ba, ga shi kuwa dalar kanta ta rage daraja, abinci da ladan ma'aikata sun hau.

Na uku, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Cikin 2008 tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, bankuna suka daina ba da rance, ƙananan makiyaya da yawa suka sayar da goɗiyoyinsu. Da abubuwa suka gyaru, farashin manyan duƙusai ya komo, amma mutanen nan ba su komo ba.

Na huɗu, rufe filayen sukuwa. Filin da ke cikin babban birni, ƙasarsa ta fi sukuwar da a ke yi a kanta tsada, sai masu shi su sayar. An rufe Hollywood Park ta Kalifoniya cikin 2013, da Suffolk Downs ta wajen Boston cikin 2019, da Arlington ta wajen Shikago cikin 2021, da Golden Gate Fields ta Kalifoniya cikin 2024. Duk filin da aka rufe, makiyayan da ke kewaye da shi sun rasa inda dawakinsu za su ci abinci.

Na biyar, ra'ayin jama'a. Daga ƙarshen 2018 zuwa tsakiyar 2019 dawaki 30 suka mutu a filin Santa Anita, yawanci don karaya, aka yi ta surutu a ƙasar duka. Cikin 2020 majalisar ƙasar ta kafa dokar lura da lafiyar dawaki da hana ba su ƙwayoyi. Dokar ta yi amfani, amma tafiyar da ita na cin kuɗi, sana'ar ce kuwa ke biya.

Na shida shi ne ya fi tsaya mini a rai. Na faɗa muku zamanin Secretariat ingarma ba ya wuce goɗiya 40. Yanzu likitoci suna da na'urar leƙa cikin goɗiya su san ranar da za ta ɗauka, saboda haka baye ɗaya ya kan isa, ingarma kuwa ya baye uku ko huɗu a yini. Shahararru a cikinsu su kan wuce goɗiya 200 a shekara, waɗansu ma in sun gama a nan a sa su a jirgi a kai su Ostareliya ko Amurka ta Kudu su sake wani zagaye. Masu saye ba su son ɗan kowa sai na ingarman da sunansa ke tashe. Mai goɗiya ya san haka, sai ya ƙuƙuta ya biya abin da ya fi ƙarfinsa, ko kuwa ya haƙura ya bar sana'ar, don linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Ta haka ingarmun da da su ke dubbai a ƙasar suka komo wajen dubu ɗaya, fiye da rabin goɗiyoyin da a ke bayewa kuma a Kentaki kaɗai a ke baye su. Jini ma ya ƙuntata. Da wuya ka buɗe salsalar dokin sukuwa yau ba ka ga sunan Northern Dancer ba, wani ɗan gajeren doki da aka haifa a Kanada cikin 1961, sau da yawa ma ta wajen uwa da ta wajen uba duka.

Jockey Club ta ga wannan, cikin 2020 ta kafa ƙa'ida cewa ingarman da aka haifa daga shekarar nan zuwa gaba kada ya wuce goɗiya 140. Sai manyan gonaki uku, Spendthrift da Ashford da Three Chimneys, suka kai ƙara kotu cikin 2021. Da majalisar jihar Kentaki ita ma ta ɗauko maganar yin dokar da za ta hana ƙa'idar aiki, sai ƙungiyar ta janye ta cikin Fabrairu na 2022.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa, tun da kuɗi na shigowa? Ga abin damuwar. Sukuwa ba ta yiwuwa da doki guda. Kentucky Derby, wadda a ke yi a birnin Louisville tun 1875, dawaki 20 kaɗai ta ke ɗauka, sau ɗaya a shekara. Sauran ranakun shekara, dawakin talakawa ne ke cika fage, irin waɗanda na ga ana sallamawa ranar ƙarshe. Cikin 1989 an yi tsere fiye da 70,000 a Amurka, cikin 2024 kuwa wajen 31,000. In dawaki suka yi kaɗan a fage, 'yan kallo ba su sha'awa, kuɗi ya ragu, ladan tsere ya ragu, mai doki ya ƙi saye, mai goɗiya ya ƙi bayewa, dawaki su ƙara yin kaɗan. Haka abin ke zagayawa. Kentaki ita ta sami mafita, don cikin 2021 majalisarta ta halatta waɗansu injinan caca da a ke cire wani kashi daga cikinsu a ƙara wa ladan tsere. Amma ƙibar da ta yi, ramar maƙwabtanta ce, don goɗiyoyi da dawakin jihohin da ba su da irin wannan sai ƙaura su ke yi zuwa can.

Har wa yau kuma, kuɗi ba su sayen gudu. Cikin 2006 an sayi wani doki mai suna The Green Monkey a kan dala miliyan 16, ya yi tsere uku bai ci ko ɗaya ba. Cikin 1983 an sayi Snaafi Dancer a kan miliyan 10 da dubu 200, ko fage bai taɓa shiga ba. Amma Seattle Slew, wanda aka saya dala 17,500 cikin 1975, shi ya cinye manyan sukuwa ukun nan cikin 1977. Northern Dancer kansa, da aka sa masa dala 25,000 yana duƙushi, ba wanda ya taya, don an raina tsawonsa. Sunday Silence, wanda ya ci Derby ta 1989, makiyayan Kentaki ba su so shi ba, sai aka sayar wa mutanen Japan, shi ne kuwa ya zama tushen dawakinsu da ke cin sukuwa a ƙasashen duniya yau. Ashe ba wanda ya san cikin da zai haifi gwarzo. In aka rage goɗiyoyi aka rage ingarmu, an rage ƙofofin da irin waɗannan za su fito ke nan.

Don in yi adalci, ba kowa ne a can ke kuka ba. Akwai masu cewa zamanin 1986 an haifi dawaki fiye da kima, da yawa ba su da amfani a fage, ƙarshensu mahauta, saboda haka gara kaɗan da za a iya riƙewa da mutunci har tsufa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, na kuwa ji daɗin ganin gonakin da aka keɓe don tsofaffin dawaki su huta. Amma abin da na gani shi ne ba ragwayen dawaki kaɗai aka tankaɗe ba, har da mutanen da suka gaji sana'ar, suka san ta tun suna yara. Irin wannan sani in ya fita daga gida, kuɗi ba su komo da shi. Na kuma ji masu kiwo a Ingila da Ailan da Ostareliya su ma suna irin wannan kuka.

Da zan tashi, dattijon nan ya raka ni har bakin ƙofa. Duƙusarsa guda ta sami mai saye, ɗayar kuwa zai koma da ita gida. Na tambaye shi ko zai sake kai goɗiyoyinsa baye in Fabrairu ta zo. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce biyu zai kai, ta ukun ta tsufa, ba zai sayi wata a madadinta ba. Na ga ashe haka 51,000 ta zama 18,000. Ba annoba ce ta faɗa musu ba, mutum ɗaya ɗaya ne ke zama a kan buhun dusa yana lissafi, ya ga ba ta fita.

To, jama'a, abu biyu na ɗauko daga wannan tafiya. Na fari abin koyi ne, watau yadda su ke rubuta asalin kowane doki fiye da shekara 200 ba fashi. Da ma a ce masu dawaki a ƙasarmu za su riƙa yin haka, ko da a ɗan littafi ne. Na biyu kuwa abin tsoro ne. Kowa ya san ranar hawan salla dokin Sarki shi a ke zuwa gani, amma da a ce shi kaɗai zai fito, ba hakimai ba 'yan kwalkwali ba masu ƙananan dawaki a baya, da ba a kira shi hawa ba. Duk sana'ar da manyanta ke ƙiba ƙanananta na fita, to a bincika gindinta tun da wuri. Ina fata waɗanda suka fi ni sanin sha'anin kiwo da ciniki za su rubuto su faɗi ra'ayinsu, in kuwa na yi kuskure a gyara mini.

  Wassalam.

Ni ne naku,
Wani Matafiyi Mai Son Dawaki.